Ƙwaya Biyu Kafin a Durƙusa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya gwiwar taka?

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Baban yara ya rame, abinci sai ya tsakura ya ture kwano yana dafe ciki. Ka san halin abokin naka, tun da ka koya masa shimfiɗa tayil ya ɗauki al'adarku: ƙwaya biyu ta ciwon jiki da sassafe, ciki babu komai, wai a tare ciwon gwiwa kafin a durƙusa. Yanzu da cikin ya dame shi sai ya ƙara biyu da rana, wai ai maganin ciwo ne. Duk aljihun da na zazzage wajen wanki sai fankon ƙwaya ya faɗo. Na dafa masa citta, na ce in gasa masa gwiwar da ruwan ɗumi, ya yi dariya ya ce gashi na masu jego ne. Jiya ya faɗa min bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Wallahi tsoro nake ji. Ka yi masa magana, maganarka yake ji.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Daga asibiti nake rubuto maka.

Baban yara ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, ya yi aman jini a kan tayil ɗin da ya gama jerawa. Likita ta ce ƙwayar ce ta ci bangon cikinsa har ya fashe da jini. An ƙara masa jini, yanzu ƙodarsa suke dubawa. Ta ce in Allah ya tashe shi, sai gashi da hutu da soso a ƙarƙashin gwiwa, abin da ya raina.

Ba ka amsa waccan takardar ba, amma Anti ta zo dubiya. Ta ce kai ma ka fara ture kwano, kuma kwalbar ƙwayar tana nan a jakar kayan aikinka. Yaya, ka riga shi fara sha da shekaru. Don girman Allah ka ajiye aikin nan ka zo likita ta gan ka. Gadon da ke kusa da nasa babu kowa a kai, ni kuwa duk na waiwaya na ga gadon sai in tuna da kai.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Auta