Allura Ɗaya Aka Yi wa Mata Tara Zanen Gira da Ita a Zandam

Hambali Nuru,
Gidan Malam Nuru mai Islamiyya,
Zandam, Ƙaramar Hukumar Gwaram,
Jihar Jigawa.
Laraba, 18 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Sashen Kiwon Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Gwaram.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MATAR DA KE YI WA MATA ZANEN GIRA NA DINDINDIN DA ALLURA A GIDAJEN BIKI, DA CIWON DA YA BIYO BAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mai suna a sama, ɗan shekara ashirin da huɗu. Na bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare, na taɓa faci, na taɓa sayar da fetur a kwalba, yanzu acaba nake yi. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, saboda haka ina neman afuwa a duk inda na kauce wa tsari. Ga ƙorafina:

1. Akwai wata mai ƙunshi da ake kira Zulaiha, mazauniyar Birnin Kudu. Bayan ƙaramar Sallah ta dawo daga Kano da wani ɗan inji mai kama da biro, ana cajinsa kamar waya, da allura a bakinsa. Da shi take cusa tawada a cikin fata ta zana gira, ko ta yi kwallin da ba ya gogewa. Ba ta da shago, kuma ban taɓa ganin wata takardar izini a wurinta ba. A waya ake kiran ta, ta zo a motar haya, ni kuma in ɗauke ta daga tashar Gwaram zuwa ƙauyuka.

2. Ranar Alhamis, 10 ga Afrilu, 2025, aka yi ƙunshin bikin Raliya, 'yar ƙanin mahaifina, a Zandam. Ba zan ɓoye wa mai girma shugaba ba, ni na ba wa 'yan gidanmu labarin wannan mata, ni kuma na kawo ta. A al'adarmu, ranar ƙunshi amarya ake fara yi wa, sai ƙawaye su biyo baya, kuma daga kwano ɗaya ake ɗiban lallen kowa. Wadda ta janye hannunta sai a ce ba ta taya amarya murna ba. Haka suka ɗauki injin nan, kamar kwanon lalle. Aka yi wa amarya gira, mata takwas suka bi layi. Ƙanwata Mahbuba, 'yar shekara goma sha tara, ita ce ta bakwai.

3. Namiji ba ya shiga wurin ƙunshi, amma na ga allurar da idona. Wajen la'asar cajin injin ya ƙare, Zulaiha ta fito zaure ta ba ni shi a cikin akwatinsa in kai shagon caji. A can na buɗe. Allura ɗaya ce, babu wata a cikin akwatin, kuma bakinta ya yi cunkus da tawada da busasshen jini. Da na mayar mata, a gabana ta goge da auduga ta koma ciki. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Wannan shirun shi ne yake hana ni zama wuri ɗaya yanzu.

4. Ta gaya musu lallen zamani ne, zai goge kafin babbar Sallah. Bai goge ba. Kwana huɗu da yin zanen, girar Mahbuba ta kumbura tana ruwa. Mahaifinmu malami ne, ya sha karantar da cewa zane a jiki haramun ne, saboda haka ta riƙa jawo hijabi har kan idonta, Inna kuma tana shafa mata man kaɗanya a ɓoye. Kumburin ya sace, zanen ya zauna ya koma kore-kore. Muka ɗauka an gama.

5. Ranar Litinin, 2 ga Yuni, Mahbuba ta kwanta da zazzaɓi da amai, fitsarinta kamar shayin da ba madara. Ranar Sallah idonta ya koma rawaya. Ran 9 ga wata muka kai ta asibiti a Birnin Kudu, aka gwada jini, aka ce ciwon hanta ne. Likita ya tambaye ta ko an taɓa ƙara mata jini, ko an yi mata tsaga, ko wata allura ba a asibiti ba. Baba yana tsaye a kanta, sai ta girgiza kai. Ni ma ina wurin, na sunkuyar da nawa. Likitan ya ce mutum yana iya ɗauke da cutar watanni bai sani ba, har ya ba wa na kusa da shi. Daga ranar zuwa yau amarya Raliya ta kwanta a gidan mijinta a Gwaram, haka ma ƙawarta Humaira, mai cikin wata shida, wadda ita ma tana cikin waɗanda aka yi wa zanen. Duka biyun ana ba su jiƙon saiwa ana cewa shawara ce. Sauran shidan suna nan suna harkokinsu, suna girki, ɗaya tana shayarwa. Babu wadda ta gaya wa mijinta ko mahaifinta yadda aka yi zanen.

6. Ranar Asabar, 14 ga Yuni, na je har gidan Zulaiha. Ta ce ciwo daga Allah yake, kuma ita tana goge allurarta. Ta ƙara da cewa idan na kuskura na ɓata mata suna, za ta lissafo duk matan da ta yi wa, ta fara da 'yar malamin Islamiyya. Ina roƙon a lura da wannan: a cikin ɗaki muka yi maganar, tagar a rufe, amma baƙin tabarau ne a idonta, kuma ba ta cire ba har na fito. Ina zargin ita ma idonta ya koma rawaya.

7. Ranar Alhamis, 26 ga Yuni, akwai ƙunshin amare biyu 'yan gida ɗaya a Kwandiko. Tun watan jiya aka kira ta, kuma da bakinta ta gaya mini mata goma sha huɗu ne suka ba da suna. Na ce ba zan kai ta ba. Ta riga ta sami wani mai babur.

Saboda haka ina roƙon mai girma shugaba, cikin ladabi, da a dakatar da wannan mata a karɓe injin kafin ranar, a haɗa kai da jami'an lafiya na Birnin Kudu tunda can take zaune, ita ma a gwada jininta. A turo ma'aikatan lafiya mata, ba maza ba, su shiga gidajen matan nan tara, a fara da Humaira. Ina kuma roƙon a rufa musu asiri, sunayensu kada su wuce teburin mai girma shugaba.

Jiya bayan azahar na gaya wa Baba komai, don kada ya ji a bakin wani. Da na gama, ya tashi ya shiga wurin Mahbuba. Har yanzu bai yi mini magana ba.

Saura kwana takwas. Da safiyar ranar zan kasance a tashar Gwaram, inda za ta sauka. Ba ni da ikon tare matar mutane a hanya, kuma na san halina idan raina ya ɓaci. Ina roƙon Allah Ya sa in tarar da jami'anku sun riga ni zuwa.

Allah Ya ƙara wa mai girma shugaba lafiya da nisan kwana.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Hambali Nuru, Zandam.