Albasa a Kan Katako

Inugu, daren Laraba, tsakiyar damina.

Shekara biyu ke nan rabona da gida. Na jibge buhunan albasata a ƙasa kamar yadda muke yi a can, sai danshin garin nan ya fara ruɓar da ita. Sale direba har da dariya: "Malam Idi, bar wahalar nan, kamfanin mai na neman masu gadi."

Mama Nkechi, wadda na tarar ta mamaye rumfata ta kasuwar Ogbete bayan yaƙin basasa, ita ta ce in baza ta kan katako iska ta ratsa. Har yau ina jin zafin rasa rumfar nan, amma matar ta faɗi gaskiya.

Ni kam ba zan yi gadin ƙofar kowa ba. Buhu goma na saro, bakwai sun tsira, gobe da sassafe zan kasa su.