Na ce wa ƙanwata lemon tsami ne kawai

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi. A sakaya sunana, kuma don Allah a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Abuja. Bara likita ta gano ina da ciwon sukari, ta ɗora ni a kan tsarin rage ƙiba: abinci a aune, tattaki, ana duba jini da ƙoda a kai a kai. Da jiri ya fara damuna, ita ta gyara mini magani. Ƙiba ta sauka a hankali, lafiya lau. Ban gaya wa kowa ba, domin ana maganar aurena, kuma na san yadda dangin miji ke ɗaukar ciwon sukari.

Ranar wani suna a Dei-Dei, ƙanwata mai shayarwa, mai fama da hawan jini, ta ja ni gefe. "Yaya, wallahi kin koma 'yar makaranta! Wane asibiti?" Na ce, "Asibitin me? Lemon tsami a ruwan ɗumi, da rage cin abinci." Ta yi dariya ta ce, "Shi ke nan? Ni ma ogana zai ga canji." Ta sayo lemo kwando guda a Zuba, ta koma cin abinci sau ɗaya a rana, ta haɗa da shayin wanke ciki da ake talla a waya, ta ajiye maganinta wai jiki ya yi sauƙi. Makon jiya ta yanke jiki ta faɗi a kicin da goyo a baya. Allah ya tsare yaron. Ita kuwa an ce ƙodarta ta taɓu.

A asibiti, a gabana, likitan da ke duba ta ya tambaye ta, "Wa ya ba ki wannan tsari?" Ta ce, "Ba kowa." Ni da nake rufe shirin lafiya na gidan rediyonmu da cewa a tuntuɓi likita, na tsaya ina kallon ledar ƙarin ruwa. Wace irin yaya ce ni?

Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ai ya karɓe ki, ni ce na yi garaje. In an sallame ni sai ki koya mini daidai." Mijinta aminin wanda zan aura ne, ita kuma ba ta ɓoye masa komai. In na faɗa mata gaskiya, maganar ta isa gidan surukai. In na yi shiru, za ta koma wa tsarin, na san halinta.

Jibi za a sallame ta, kuma sauran lemon na nan a kicin ɗinta. Me zan yi?