Sunan da ke kan takardunka

Gagarawa, 12 ga Sha'aban, 1396

Zuwa ga ɗana Cindo, a Kaduna.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na asibiti. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da marasa lafiya, amin. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai. Kawunka Sajo ya dawo daga Maigatari da ciwon gwiwa, yana cewa jiranka yake ka gama karatu ka fara da shi.

Na ji bayaninka a kan makarantar koyon gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta can kudu. Ka ce mutum ɗari huɗu suka nema, goma sha biyu za a ɗauka, kuma ka shiga cikin talatin na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne ni, gwaggonka da ta raine ka, in rantse gaban alƙali cewa kai ne Haladu Ya'u, kamar yadda yake a takardunka.

Kana ƙarami lokacin, bari in faɗa maka yadda aka yi. Wanka Haladu dagaci ya rubuta cikin yaran da za a kai boko. Kafin a buɗe makaranta shan inna ya kama shi, ƙafafunsa suka shanye, wata biyu yana jan jiki a tsakar gida, Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo neman yaro, mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya tura ka, ba a sake sunan ba.

Ranar Talata da azahar masinja ya kawo takardar makarantar nan ta kudu daga Gumel. Ya yi sallama a zaure, ya tambaya ko Haladu na nan. Ka ji, ɗana, sai aka amsa masa. Daga ɗakin da muke ajiye hatsi aka ce na'am, da muryar yaro. Ƙanwarka Rahamatu na daka, ta saki taɓarya. Muka buɗe ɗakin, babu kowa, sai sawu a kan rairayi daga bango zuwa bakin ƙofa, irin na wanda ya ja jiki da tafin hannu. Ban ce na san ko mene ne ba, abin da na gani na faɗa. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na share wurin. Washegari da azahar sawun ya dawo.

Ranar Alhamis na je Gumel da niyyar yi maka abin da ka roƙa. Na yi alwala, aka ajiye Alƙur'ani, alƙali ya tambaye ni ko Haladu ɗan Ya'u yana raye. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ni na riƙe shi har ya cika." Sai na ba shi labarin duka. Ya sa aka rubuta cewa mai takardun nan Cindo ne, ƙanin mamacin, kuma shi ya yi karatun da kansa. Ya ce bai san ko makaranta za ta karɓa ba, mai yiwuwa su ajiye ka su ɗauki na bayanka.

Ga takardar nan na haɗa maka, ba ni da wata. Na san shekarun da ka yi kana nema, ka yafe mini. In sun ɗauka, su ɗauki Cindo.

Rahamatu da Adda Yelwa suna gaishe ka. Ka gaida maigidanku da iyalinsa.

Wassalam, gwaggonka mai yi maka addu'a,
Asama'u