Na Fita Roƙon Ruwa, Sai Me?

Gangara, Sabon Birni
14 ga Yuli, 1984

Yaya Filibus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Ina yara? Ni lafiya lau, aikin asibiti da godiya. Tuwo dai sau ɗaya ne a wuni, amma kada Inna ta ji.

Wasiƙarka ta ɓata mani rai. Don wani direba ya gan ni a filin roƙon ruwa, sai ka ce wa Inna na bar Almasihu, har ta kwana biyu ba ta ci abinci ba? Haba Yaya!

E, na fita. Sau uku shuka na ƙonewa a garin nan. Maƙwabciyata Saude, mai raba furarta da ni, ranar Talata aka binne ɗanta. Gari ya fita har da tsofaffi da awaki, ni in zauna ɗaki? Suka yi sahunsu, na durƙusa gefe a gindin aduwa, na roƙi Ubana na Sama yadda Inna ta koya mani. Ba wanda ya harare ni.

Nan ba coci, ba fasto. Kullum da asuba ni kaɗai nake addu'a, ina ambaton sunayenku ɗaya ɗaya, har da naka.

Gobe ma za ni fita. Ka gaya wa Inna gaskiya, ka aiko da dawa in da hali. Ku da ke da ƙararrawar coci da ruwan sama a Zuru, sau nawa kuka roƙa wa Gangara?

Ƙanwarka,
Tabita