Yarona Yana Bayan Maraɗi, Katinsa Yana Hannuna

Gwaggo mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina. Da hannuna nake rubuto miki, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci, in rubutun ya karkace ki yi haƙuri.

A Jibiya nake aure. Yarona guda ne, ɗan fari, kin kuwa san yadda muke da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Da ya isa yaye, uwar mijina ta zo ta tafi da shi ƙauyensu can bayan Maraɗi. An ce kwana arba'in zai yi, ga shi yau wata uku. Ranar da suka hau mota ko ƙofar gida ban leƙa ba, na tsaya ina ta daka, maƙwabta suna yabon kunyata. Ba su san babu komai a turmin ba.

Tun kafin tafiyarsa, saboda yunwar bana, gwamnati ta fara raba madarar gari da garin kunu a asibitin awon yara. Duk Talata a ɗora yaro a sikeli, a rubuta a kati, a ba uwa rabonsa. Nawa har kumatu ya yi. Amma dokarsu sai an ga yaro ido da ido, katinsa kuwa yana nan kwance cikin kwallata.

Kada ki yi mini dariya, Gwaggo, har yanzu ba Talatar da ba na zuwa. Nakan zauna gindin darbejiya har malamar asibiti ta kira sunansa da ƙarfi, sau biyu, in ji, in tashi in koma gida. Abin da ke kai ni ke nan. Makon jiya ta ja ni gefe ta ce in watan nan ya mutu ba a kawo shi ba za ta soke sunan, don masu jira suna da yawa.

Sai ga Arzika, direban da ke kai hatsi can, ya ce ya ga yaron. Wai gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, ko ƙiriniya ba ya yi. Mijina yana Kaduna aikin lebura tun da aka ce kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, na aika sau biyu, shiru. Ni kuma da wane baki zan ce wa surukata ta ba ni ɗana? Cewa za a yi na raina riƙonta. Har na yi tunanin in ari yaron maƙwabciyata a auna, in aika da madarar ta hannun Arzika. Ina kewarsa, Gwaggo. Kullum ina kallon shanu da buhuna suna ƙetare iyaka, ni kaɗai na kasa.

Taki,
Mai Jiran Talata, Jibiya.

Ɗiyata Mai Jiran Talata,

Rubutunki bai karkace ba, kuma ban yi dariya ba.

Maganar aron yaro ki bar ta. Ha'inci ne, sannan ba za ta fisshe ki ba. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ya wuce a aika masa da madara a mota, sai an gan shi an duba shi, kuma da gaggawa.

Ba zan ce ki zubar da kunya ba. Tarbiyya ce, ni ma da ita aka raine ni. Amma an yi ta ne don girmama manya, ba wanda ya ce uwa ta zuba ido ɗanta yana ramewa. Gobe ki je ki gaya wa malamar asibiti gaskiya, ki roƙe ta mako biyu. Ki nemi wata dattijuwa a dangin mijinki ta raka ki, ku bi motar Arzika. Ba sai kin buɗe baki ba. Ita za ta yi magana, ta ce asibiti ne ke neman yaron a auna shi, wannan kuwa ba ƙarya ba ce. Mijinki ki sake aika masa, amma kada ki jira amsa.

Akwai kuma wadda ba ki duba ba. Kin taɓa tambayar kanki me ya hana surukar taki cika alkawarin kwana arba'in? Ban san ta ba, amma na san irinsu. Ta ɗauki jika mai kumatu a gaban jama'a, rumbunta ya ƙare, yanzu tana jin nauyin ta dawo miki da shi a haka. Ina kyautata zaton tana nan tana ba shi nata rabon, tana jiran ya ɗan murmure tukuna. Ke kina jin kunyarta, ita tana jin taki, yaro kuma yana tsakani yana ƙarewa.

Saboda haka in kin isa, kada ki tsaya kallon ƙafafunsa a gabanta. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki yi mata sannu da ɗawainiya. In kun tashi dawowa kuma, ki nemi ƙarin wurin zama na mutum biyu, yaron da kakarsa, don ita ma yunwar take ji.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kai ku Ya dawo da ku lafiya.

Gwaggonki Hajo.