Na Ga Kuskuren Ƙawata A Fayil Na Yi Shiru, Ga Shi Wata Za A Kora

Assalamu alaikum Admin, don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba nasu ba ne. 'Yan uwa shawara nake nema, amma tun kafin na fara, masu shirin rubuta min cewa hassada ba kyau su riƙe abinsu, na san ba kyau, na fi ku sani tunda ni nake kwana da ita nake tashi da ita. Wanda yake da magana mai amfani don Allah ya ba ni shawara, kwana uku kacal suka rage min.

Ni nas ce, shekaruna arba'in da huɗu, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ina aiki a wani asibitin kuɗi a nan Tarauni. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina wannan aikin. Lokacin muna sakandare ta kwana ni ce ta ɗaya a ajinmu tun daga aji huɗu har muka fita, ba yabon kai ba ne, malamai ma sun sani. Akwai ƙawata a lokacin, bari na kira ta Bilki, gadonta yana saman nawa. Wannan yarinyar in aka ba mu lissafi kuka take yi, kuka na hawaye, littafina take kwafa har da inda na soke. Da muka gama na samu makin da zan karanta likitanci tun a zaman farko, ita sai da ta zauna jarrabawar shiga jami'a sau uku. Sai wani kawuna ya zo ya ce wa Babanmu likitanci shekara bakwai ne in ba a yi yajin aiki ba, makarantar nas kuwa shekara uku an gama ga aiki yana jira. Da sai in ce muku dole aka yi min, amma ƙarya ne, Baba tambayata ya yi, ni da bakina na ce nas nake so, don ina ɗokin albashi kuma ga wanda nake so yana jira. Na yi auren, na samu aikin, shi ke nan sai rayuwata ta tsaya cak a wurin.

Bilki kuwa ta daure ta gama, ta ƙara karatu ta zama ƙwararriya, ta tafi Saudiyya ta yi shekaru. Duk tsawon lokacin nan abin bai dame ni sosai ba, hotonta kawai nake gani a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai in wuce. Bara sai ga ta ta dawo Kano, ta gina gida a Babban Giji, kuma cikin duk asibitocin garin nan sai namu mai asibitin ya ɗauko ta tana zuwa ganin marasa lafiya Litinin da Alhamis. Ranar da ta fara zuwa ina tsaye da tiren magani ta rungume ni a gaban kowa, tana kiran sunan tsokanar da ake kirana da shi a makaranta, wai tana gaya wa ƙananan likitoci ni ce na koya mata lissafi. Suka yi ta dariya suna kallona kamar wadda aka ce ta taɓa yin kuɗi ta tsiyace. Tun daga ranar duk alherin da ta yi min ƙona min rai yake yi. Ta kawo min jallabiya da dabino na karɓa ina murmushi na je na cusa a ƙasan akwati. In ta gan ni a bakin titi ina jiran adaidaita sahu sai ta tsaya ta sauke gilas, mota sai ƙamshi da sanyi, ni kuma takalmina duk ƙura, sai in ce mata akwai inda zan biya alhali babu.

Abin da ya ƙarasa ni ranar Lahadin makon jiya ne. Muna dawowa daga biki ni da babbar 'yata, tana ajin ƙarshe a sakandare, Bilki ta rage mana hanya don na rasa ƙaryar da zan yi. Muna sauka yarinyar nan ta ce min ita irin Anti Bilki take so ta zama, wai me ya sa ni ban zama likita ba tunda an ce na fi ta ƙoƙari. Na daka mata tsawar da sai da maƙwabta suka leƙo. Babansu ya sa baki ya ce wannan hassada ce kawai take cina, baiwar Allah ba ta yi min komai ba. Na ce masa ai da ban yi gaggawar aurensa ba da yanzu ni ce a gaban motar. Ya ɗauki hularsa ya fita, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da wannan zuciyar na tafi aiki washegari.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, akwai wani abu da muke yi wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. In likita ya rubuta magani nas ta ga akwai kuskure, ba a gaban mutane ake faɗa ba. Za ki ɗauki fayil ɗin ki same shi a gefe ki ce ya ɗan sake duba nan, ya soke ya gyara ya sa hannu, babu wanda zai ji. Na yi wa likitoci wannan sau ba adadi, yara ƙanana waɗanda na girme su da shekara goma sha, washegari su wuce ni a baranda ko kallo ban ishe su ba. Mu ne muke rufa musu asiri, su ne ake kai wa rago da Sallah.

Safiyar Litinin ɗin Bilki ta kwantar da wata Hajiya 'yar Unguwa Uku mai ciwon huhu, ta rubuta magungunanta ta koma ofis ganin sauran marasa lafiya. Hajiyar nan na san ta, shekara shida da suka wuce an taɓa yi mata wata allura a wurinmu ta kusa tafiya, jikinta ba ya karɓarta ko kaɗan. Ni da hannuna na rubuta gargaɗi da jan biro a bangon fayil ɗinta. Ashe bangon ya yage, 'yan ofishin kati suka sa sabo ba su kwafi gargaɗin ba, suka naɗe tsohon suka cusa can baya. Ina buɗe fayil ɗin na ga allurar nan ce Bilki ta rubuta, ƙarfe goma za a yi. Hajiya tana cikin zazzaɓi ta buɗe ido ta gan ni, ta kamo hannuna ta ce, "Alhamdulillahi, tunda kina nan hankalina ya kwanta, ke kin san jikina."

Ofishin Bilki bai kai taku talatin daga inda nake tsaye ba. Wallahi har na ɗaga ƙafa, sai na tuna ƙarfe sha ɗaya za a yi zagayen duba marasa lafiya, mai asibitin zai zo, ƙananan likitoci da ɗaliban nas duk suna biye. Sai na ce a raina yau kam ba zan same ta a gefe ba. Zan bari sai an taru a kan gadon, in zaro tsohon bangon nan mai jan biro, in tambayi babbar likita 'yar Saudiyya ko ta tambayi mara lafiya kafin ta rubuta. Sau ɗaya dai a rayuwata a ga wanda ya san aiki. Ban yi allurar ba, ban kuma gaya wa kowa ba, na sa fayil ɗin a ƙasan sauran na ci gaba da harkata, har wani daɗi nake ji ina tsara yadda zan faɗi maganar.

Wajen goma saura aka kawo mutum huɗu da adaidaita sahu ta kife da su, aka kira ni ƙasa da gudu, aka turo Sista Rifkatu ta riƙe min ɗakin marasa lafiyar. Rifkatu 'yar Filato ce, shekara goma sha huɗu muna aiki tare, ita take karɓar min diyuti da Sallah ni in karɓar mata da Kirsimeti, yaranta uku kuma mijinta ya yi ritaya. Ta duba takardar magani ta ga goma ta wuce ban yi alamar an yi allurar ba, ta ɗauka mantawa na yi, ga mai asibiti yana hanya kuma mutum ne da yake ba da takardar tuhuma a kan abin da bai kai wannan ba. Sai ta yi sauri ta yi allurar don ta rufa min asiri. Ba ta tambayi Hajiya ba, ba ta yi gwajin da ake fara yi a fata ba, don ta san ni ba na tsallake waɗannan da safe.

Ina ƙasa ina ɗaure wa wani ƙafa na ji gudu a sama, nan take na san ko mene ne. Kafin in hau fuskar Hajiya ta kumbura, numfashi yana sarƙewa, 'ya'yanta suna salati. Bilki ce ta tsaya a kanta har aka samu numfashin ya dawo, sannan aka wuce da ita babban asibiti. Tana raye, an ce tana samun sauƙi, amma har yanzu ba ta iya doguwar magana. Kuma kun ga abin haushi, har a ranar ma Bilki aka yi ta yabo wai ta ceci rai.

Da yamma mai asibitin ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko na ga fayil ɗin da safe, na kalle shi ido cikin ido na ce ban kai kansa ba aka kira ni ƙasa. Bilki ta rubuta da hannunta cewa ita ta yi kuskure ba ta tambaya ba, laifin nata ne, a ƙyale nas. To amma wa zai taɓa ƙwararriyar da take jawo masa manyan mutane? 'Ya'yan Hajiya sun ce sai an hukunta wani ko su kai ƙara, sai aka dakatar da Rifkatu. Alhamis ɗin nan kwamiti zai zauna, kuma kowa a asibitin ya san korarta za a yi, ana ma cewa za a rubuta wa masu ba mu lasisi.

Shekaranjiya Asabar da la'asar sai ga Rifkatu a gidana, ta rame ta yi zuru-zuru, ko ruwan da na kawo ba ta sha ba. Ta roƙe ni in tsaya mata a gaban kwamiti tunda na fi kowa sanin ba ta wasa da aiki. Da za ta tafi, a bakin ƙofa ta ce, "Sista ban gaya musu don ke na yi sauri ba, kar a jawo ki ciki, ke ma kina da yara." Na raka ta har titi na tare mata adaidaita, na dawo na shige banɗaki na kulle don kar yarana su ga fuskata.

Kada wani ya ɗauka zuciyata ta yi laushi a kan Bilki, ba ta yi ba. Jiya ma ta kira ni wai tana jin nauyin abin da ya samu Rifkatu, ko abinci ba ta iya ci, wai in taya ta da addu'a. Ji na yi kamar in jefar da wayar. Ita ta rubuta kuskuren, ita aka yaba, ita ce kuma za ta fito a mai gaskiya, ni da na gano kuskuren tun kafin kowa ni ce munafuka. Na tsani yadda komai yake zo mata da sauƙi, na tsani kawuna da ya kawo shawarar nan ko da yake ya rasu, na tsani farar rigar da nake gogewa kullum, na kuma fi tsanar yarinyar nan 'yar shekara goma sha takwas da ta ce wa Babanta nas take so.

Yanzu abin da ke gabana ke nan. In na je na yabi Rifkatu kawai na yi shiru a kan sauran, ba zai hana a kore ta ba, kuma ranar da Hajiya ta samu bakin magana za ta iya tuna wa ta riƙe wa hannu da safen nan. In kuma na faɗi gaskiya, cewa na gani tun ƙarfe takwas na ɓoye, aikina ya tafi, wataƙila har da lasisin, a shekara arba'in da huɗu ban iya komai ba sai wannan aikin da na raina. Mijina bai sani ba, 'yata ba ta sani ba.

Amma bari in gaya muku abin da ya fi korar ba ni tsoro. Bilki za ta kasance a zaman kwamitin ranar Alhamis. In na faɗa, dole a tambaye ni dalili, kuma na san ta, ba za ta yi faɗa ba, juyowa za ta yi ta kira ni da sunan nan na makaranta ta ce me ta yi min. Kwana bakwai ina neman amsar da zan ba ta, na tono tun daga aji ɗaya har zuwa jiya, ban samu ko abu ɗaya ba.

To ku da kuke karantawa, musamman ma'aikatan lafiya da suka san yadda kwamiti yake, akwai hanyar da zan fitar da Rifkatu ba tare da na tsaya gaban Bilki na faɗi wannan da bakina ba? In babu, ku faɗa min babu, kar ku lallashe ni. Rifkatu ta ce za ta biyo min ranar Alhamis da safe mu tafi tare, kuma na ce mata to.